Kada ka yi gaggawar zuba fumfuna a tarin taki

Manomi ɗan'uwa, kashin shanun da ka tara da karan dawa ba ya ruɓewa da kansa. Ƙananan halittu ne ke cinsa, kuma suna karɓar aikin ne bi da bi.

A kwanakin farko bakteriya masu son ɗumi ke cinye abin da ke da laushi. Aikinsu ke ɗaga zafin tarin, har ya wuce digiri 45, sai masu jure zafi su karɓa. Idan ya kai digiri 55 zuwa 65, yawancin irin ciyawa da ƙwayoyin cuta suna mutuwa. Tura sandar ƙarfe cikin tarin, ka zaro bayan ɗan lokaci. In ta yi zafin da ba ka iya riƙe ta da daɗewa, aiki na tafiya.

A nan mutane ke asarar kuɗi. Fumfunar Tirikodama da ake sayarwa don inganta taki ba ta jure wannan zafi. Ka jira tarin ya huce ƙasa da digiri 40, sannan ka zuba ka juya. A lokacin ne fumfuna ke bazuwa, tana narkar da taurin kara da buntun shinkafa da bakteriya suka bari. Farin zare-zaren da za ka gani alamar lafiya ce.

Don duba danshi, ka matse takin a hannu: in ya dunƙule, ruwa bai zuba ba, ya yi daidai. In ya yi wari, iska ce ta yi ƙaranci, sai ka juya shi. Nunannen taki baƙi ne, yana ƙamshin ƙasar farkon damina.