Hanyoyin Iska a Cikin Gida

A watan Afrilu, idan rana ta take, zafi a Sakkwato da Maiduguri da Yamai yakan haura digiri 40. Da dare sai ka ga mutane sun fito da tabarmi tsakar gida, domin ɗaki ya koma kamar tanderu. Amma a unguwa ɗaya, wani ɗakin ana iya kwana cikinsa, wani kuwa ko zama ba ya yiwuwa. Rana ɗaya ce ta dake su. Abin da ya bambanta su shi ne hanyar da aka bar wa iska. A wannan darasi za mu koyi yadda ake shirya wannan hanya, da yadda ake kula da ita.

Halin iska

Iska tana da hali biyu da ya kamata kowane maigida da uwargida su sani.

Na farko, iska mai zafi sama take yi, mai sanyi kuwa ƙasa take zama. Ku dubi hayaƙin murhu, kullum sama yake nufa.

Na biyu, iska ba ta shiga inda ba ta da mafita. Ɗauki kwalba ka hura a bakinta, iskar ba za ta wuce ba. Ɗauki bututu ka hura, nan take za ta fita ta ɗaya bakin. Ɗaki mai taga ɗaya kamar kwalba yake. Ɗaki mai taga biyu masu kallon juna kamar bututu yake.

Tun daga harsashi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Maganar iska tun kafin a haƙa harsashi ake yin ta da magini.

Rana tana dukan bangon gabas da safe, tana dukan na yamma da la'asar, lokacin da ta fi zafi. Saboda haka manyan tagogi sun fi dacewa a kudu da arewa. Iskar damina daga kudu maso yamma take busowa, tagar kudu za ta karɓe ta, ta arewa ta sallame ta. Hadari kuwa yawanci daga gabas yake tasowa, babbar taga a can sai ta riƙa shigo da feshi.

Bayan tagogi, a bar ƙananan kafofi a saman bango, dab da rufi. Nan ne iska mai zafi take taruwa, kuma nan ne ƙofar fitarta. Idan ta fita, sai mai sanyi ta biyo ta taga ta maye gurbinta.

Kakanninmu sun san wannan. Sun yi soraye da tubali da azara, bango mai kauri, rufi mai tsawo, da 'yan tagogi can sama. Bangon ƙasa mai kauri yana shan zafi a hankali, kafin zafin ya ratsa ciki rana ta faɗi. Duk wanda ya shiga Gidan Makama a Kano da tsakar rana ya san irin sanyin da ake nufi.

Yau yawancinmu bulo da kwano muke amfani da su. Kwano kuwa nan da nan yake ɗaukar zafi ya zubo shi kan mutane. Maganinsa uku ne. A sa silin. A bar kafofi tsakanin silin da kwano, a wannan gefe da wancan, domin iska ta ratsa ta kwashe zafin da ya taru. A rufe kafofin da raga saboda jemagu da ɓeraye. Idan da hali, a shafa wa bangon waje farar ƙasa ko farin fenti, a kuma dasa darbejiya ta yamma da ɗaki, nesa kaɗan da harsashi. Ɗakin da aka yi wa haka, fanka ɗaya ta ishe shi, kuɗin wuta ya ragu.

Bututun hayaƙi

Ku ɗaga kai ku dubi rufin madafa. Wannan baƙar kunkunniya da ta manne a can, irinta ce take shiga ƙirjin mai girki da yaron da ke bayanta. Hayaƙin itace yana jawo tari da ciwon ido da ciwon huhu.

Murhun da aka kewaye da laka yana tsare zafi, itace kaɗan ya isa. Idan aka haɗa masa bututu, hayaƙi sai ya fice waje. Maƙerin kwano zai iya naɗe muku shi. Ga abin da za ku gaya masa: bututun ya miƙe sak, domin kowace kwana tana rage ƙarfin jan hayaƙi. Ya zarce rufi. A yi masa 'yar hula a sama saboda ruwan sama. Inda ya ratsa rufi, kada ya taɓa katako ko ciyawa, saboda gobara. Duk mahaɗa a liƙe ta sosai.

Bututun masai

Masai ma yana bukatar hanyar iska. A Zimbabuwe ne aka inganta dabarar sa masa bututu a shekarun 1970, daga nan ta bazu a Afirka. Ana kafa bututu mai faɗin inci 4 ko fiye, daga ramin ya miƙe har ya wuce rufi da kamar rabin mita. Iskar da ke gilmawa ta samansa tana zuƙo wari daga ramin ta watsar. A ɗaure raga a bakinsa na sama, a bar cikin ɗakin masai da ɗan duhu. Ƙudajen da ke cikin ramin za su bi hasken bututu, su tarar da raga, su mutu a nan, ba su kai ga abincinmu ba.

Bututun manyan gine-gine

A wasu bankuna da otel-otel da asibitoci za ku ga raga a silin tana huro sanyi. Babbar na'ura ce guda ɗaya take sanyaya iska, ta tura ta cikin bututun kwano da aka ɓoye a saman silin. Wani bututun yana kai iska ɗakuna, wani yana komo da ita wurin na'ura. A Amurka da Kanada gidaje da yawa haka suke, kuma da bututun nan ake ɗumama su lokacin sanyi. Hukumomin Amurka sun ƙiyasta cewa a gida irin wannan, kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na iskar yakan zurare ta mahaɗar da ba ta liƙu ba. An biya kuɗin wuta, sanyin kuwa ya tafi saman silin. Shi ya sa ake liƙe kowace mahaɗa, a naɗe bututun da abin da ke tare zafi.

Wanda ke da ƙaramar na'urar sanyaya ɗaki ya sani cewa dokarta dabam ce. Idan tana aiki, rufe taga da ƙofa ake yi. Takan sha wutar da ta kai ta fanka goma, saboda haka kada a bar sanyinta ya zube a banza.

Kulawa

Hanyar da ba a sharewa toshewa take yi.

Duk mako a goge ragar taga, domin ƙurar hunturu da yanar gizo suna cike idanunta.

Kada a jingina buhuna ko sif a bakin taga.

A riƙa bubbuga bututun hayaƙi, a zura sanda mai tsumma a kakkaɓe kunkunniya.

A duba ragar bututun masai, idan ta yage a sake ta. A zuba ruwa ta sama ya wanke yanar da ke ciki.

A ciro ragar na'urar sanyaya ɗaki a wanke ta duk bayan mako biyu, musamman lokacin ƙura.

Gargaɗi

Da hunturu mutane kan toshe kowace kafa da tsumma, su shiga da kaskon gawayi, su rufe ƙofa. Wannan ya hallaka iyalai da yawa. Gawayi da janareta suna fitar da wata guba da ba a gani, ba a jin warinta. Mutum yana barci take ɗauke shi. A fitar da kasko kafin a kwanta. Janareta kuma a ajiye shi waje, nesa da taga. Cunkoso a ɗakin da iska ba ta ratsawa yana kuma taimaka wa tarin fuka da sanƙarau su yaɗu. Rigakafi ya fi magani. Ko ana sanyi, a bar kafar sama a buɗe.

Tambayoyi

1. Ina iska mai zafi take taruwa a ɗaki?
2. Me ya sa taga biyu masu kallon juna suka fi taga ɗaya?
3. Faɗi abu uku da za a gaya wa maƙerin bututun hayaƙi.
4. Mene ne amfanin raga a bakin bututun masai?
5. Me ya sa ba a kwana da kaskon gawayi?

Aiki a gida

Yau da yamma ku tsaya a tsakiyar ɗakinku. Ku nemo inda iska take shiga da inda take fita. Ku rubuta abin da kuka gani a layi uku, gobe ku karanta wa 'yan aji.