Nazarin Littafi Mai Tsarki: Mafarkin da Ya Cika Rumbuna

Karatu: Farawa 41:1-40, Matiyu 2:13-15, Irmiya 23:25-32
Ayar haddacewa: Farawa 50:20
Manufa: Mu koyi yadda za mu gane mafarkin da ya fito daga wurin Allah, mu kuma san abin da ya kamata mu yi da shi.

Gabatarwa

A yawon da muke yi cikin ƙauyuka da ikkilisiyoyi saboda aikin taimako, akwai tambayar da ba ta rabuwa da mu. Bayan an gama zancen iri da taki da rijiya, sau da yawa wani yakan ja mu gefe ya ce ya yi mafarki, yana son ya san ko Allah ne yake yi masa magana. Ba ƙaramar tambaya ba ce. Saboda mafarki waɗansu sun tuba sun bar mugun hali. Saboda mafarki kuma waɗansu sun rabu da 'yan'uwansu na jini, waɗansu sun sayar da akuyarsu ta ƙarshe domin su biya mai fassara. Don haka ya kamata mu zauna mu duba abin da Maganar Allah take koya mana.

1. Allah yana magana ta wurin mafarki

Littafi Mai Tsarki bai ɓoye wannan ba. Yakubu yana gudun ɗan'uwansa Isuwa, ya kwana a daji da dutse a matsayin matashi, a nan Allah ya yi masa alkawari cikin mafarki. Ya tashi ya sa wa wurin suna Betel, ya kuma yi wa'adin ba da zakka (Farawa 28). A Gibeyon Allah ya bayyana ga Sulemanu cikin mafarki, shi kuwa ya roƙi hikimar mulki maimakon dukiya (1 Sarakuna 3). Allah ya yi magana har da waɗanda ba mutanensa ba, kamar su Abimelek, da Fir'auna, da Nebukadnezzar, da matar Bilatus. Annabi Yowel ya faɗa cewa sa'ad da za a zubo Ruhu tsofaffi za su yi mafarkai, Bitrus kuwa ya tuna wa jama'a wannan a ranar Fentikos (Ayyukan Manzanni 2:17).

Amma mu lura da abu ɗaya. A cikin waɗannan labarai ba a ba kowa mafarki domin ya yi ta ba da labarinsa a dandali ba. Kowane mafarki ya zo da abin yi: a tuba, a tashi, a mayar da abin da ba naka ba, a shirya.

2. Yusufu ɗan Yakubu: daga mafarki zuwa rumbu

Yusufu yana da shekara 17 sa'ad da ya yi mafarkin damman 'yan'uwansa suna rusuna wa nasa. Mafarkin gaskiya ne, amma bai kai shi gadon mulki washegari ba. Rijiya ya fara kai shi, sa'an nan bauta a gidan Fotifar, sa'an nan kurkuku. Sai da ya cika shekara 30 ya tsaya a gaban Fir'auna. Shekara 13 ke nan na jira, kuma a cikinsu ne Allah ya koya masa riƙon amana da lura da kayan wani.

Fir'auna ya ga shanu 7 masu ƙiba, sai waɗansu 7 ramammu suka cinye su. Ya kuma ga zangarku 7 masu ƙwaya, sai waɗansu 7 busassu suka haɗiye su. Bokayen Masar da masu hikimarta sun kasa. Da aka kawo Yusufu, abin da ya fara yi shi ne ya kawar da yabo daga kansa, ya nuna cewa Allah ne mai ba da amsa. Sa'an nan ya bayyana cewa shekara 7 na ƙoshi suna zuwa, shekara 7 na yunwa kuma za su biyo baya.

A nan ne zuciyar darasinmu take. Yusufu bai tsaya a kan fassara ba. Ya kawo shawara mai kai da ƙafa: a naɗa mutum mai hankali, a sa wakilai a ko'ina cikin ƙasar, a karɓi kashi 1 cikin 5 na amfanin gona a shekarun ƙoshi, a tara a birane, a tsare. Wato mai dami 50 ya ajiye 10, mai buhu 5 ya ajiye 1. Mafarkin dare ɗaya ne, amma aikinsa ya ɗauki shekara 14: 7 ana tarawa, 7 ana rabawa. Da a ce mutanen Masar sun ji fassarar, suka yi mamaki, suka koma gida suka ci gaba da cin komai kamar dā, da mafarkin bai ceci ko mutum ɗaya ba.

Mu lura kuma da waɗanda suka amfana. Masarawa sun ci, ƙasashen maƙwabta sun zo sun saya, har 'yan'uwan da suka sayar da Yusufu sun sami hatsi. Sa'ad da mafarkinsa na yarinta ya cika, suka rusuna a gabansa, bai mai da shi sandan duka ba. Ya gane cewa Allah ya aiko shi gaba domin a ceci rayuka da yawa.

3. Yusufu mijin Maryamu: biyayya da dare

Matiyu ya nuna mana wani Yusufu, kafinta, wanda Allah ya bi da shi ta mafarki har sau 4. Na fari ya hana shi rabuwa da Maryamu. Na biyu ya ce masa ya ɗauki yaron da uwarsa su gudu Masar domin Hirudus yana neman ran yaron. Na uku ya ce su komo. Na huɗu ya sa suka nufi Galili. Yusufu bai jira gari ya waye ba, cikin daren ya tashi da iyalinsa. 'Yan'uwanmu da suka bar gidajensu saboda rikici su tuna cewa Ubangijinmu da kansa ya yi gudun hijira yana jariri, Allah kuma bai yashe wannan iyali a baƙuwar ƙasa ba.

4. Shaida daga tarihin ikkilisiya

A ƙarni na 5 an yi wani mutum mai suna Patrik, ɗan ƙasar Birtaniya. Yana da shekara 16 mahara suka kama shi suka kai shi bauta tsibirin Ayalan, inda ya yi shekara 6 yana kiwo. A can ya koyi addu'a. Bisa ga abin da ya rubuta da kansa, cikin barci ya ji murya tana ce masa jirginsa yana jira, ya gudu, ya koma wurin danginsa. Bayan shekaru sai ya sāke yin mafarki, ya ji mutanen Ayalan suna kiransa ya komo. Ya koma wurin al'ummar da ta bautar da shi, ya kai musu bishara, ya ƙare kwanakinsa a cikinsu. Kun ga kamarsa da Yusufu? Mafarkin da yake na Allah ya juya wanda aka zalunta ya zama mai hidima ga waɗanda suka zalunce shi.

5. Ba kowane mafarki ne saƙo ba

Masu binciken barci sun tabbatar cewa kowane mutum yakan yi mafarki sau da dama a dare ɗaya, ko da bai tuna ba da safe. Mai Wa'azi 5:3 ya riga ya nuna cewa yawan damuwa yana kawo mafarki. Mai jin yunwa yakan ga tuwo. Mai zazzaɓin cizon sauro yakan ga abubuwa masu ban tsoro, abin da yake bukata shi ne gwaji da magani a asibiti.

Akwai kuma mafarkin da yake fitowa daga raunin zuciya. Tun daga 2009 rikicin arewa maso gabashin Najeriya ya raba miliyoyin mutane da gidajensu, a watan Oktoba na 2014 har garin Mubi ya faɗa hannun 'yan tada ƙayar baya. Mutumin da ya ga kisa da ƙone-ƙone yakan yi ta ganin abin cikin barci, ya farka da gumi da bugun zuciya. Wannan ba hukunci ba ne, ba kuma annabci ba ne cewa abin zai sāke faruwa. Ciwo ne, yana kuma warkewa. Irin wannan ɗan'uwa yana bukatar mai saurare da haƙuri, da addu'a, da taimakon waɗanda aka horar a kan warkar da raunin zuciya. Kada mu ƙara masa nauyi da cewa rashin bangaskiya ne.

Sa'an nan akwai mafarkin ƙarya. A zamanin Irmiya waɗansu annabawa sun yi ta shelar mafarkansu suna ɓad da jama'a. Allah ya kwatanta mafarkansu da ƙaiƙayi, maganarsa kuwa da tsabar hatsi. Kowace mace da ta taɓa sheƙa gero ta san bambancin. Iska kaɗan takan kwashe ɗaya ta bar ɗaya.

6. Yadda za mu gwada mafarki

Na fari, mu auna shi da Littafi Mai Tsarki. Allah ya riga ya yi mana magana ta wurin Ɗansa (Ibraniyawa 1:1-2), ba zai kuwa saɓa wa kansa ba. Mafarkin da ya ce ka saki matarka, ko ka rama mugunta, ko ka koma wurin boka, ba nasa ba ne. Kubawar Shari'a 13:1-3 ta gargaɗe mu cewa ko da alamar mai mafarki ta cika, in yana janye mu daga Ubangiji, kada mu saurare shi.

Na biyu, mu duba 'ya'yansa. Yana kai mu ga tuba, da sulhu, da taimakon wani? Ko yana haifar da tsoro, da girman kai, da zargi? A nan muna roƙonku da babbar murya: kada a kira kowa maye ko mayya domin an gan shi cikin mafarki. Sau da yawa tsofaffin mata, da gwauraye, da marayu, waɗanda ba su da mai tsaya musu, su ne irin wannan zargi yake faɗa wa. Shari'ar Allah ta bukaci shaidu 2 ko 3 kafin a kama mutum da laifi (Kubawar Shari'a 19:15), mafarki kuwa ba shaida ba ne.

Na uku, mu kai shi ga dattawa masu tsoron Allah. Sa'ad da Bulus ya ga wahayin mutumin Makidoniya da dare a Taruwasa, shi da abokan tafiyarsa tare suka gane cewa Allah ne yake kiransu (Ayyukan Manzanni 16:9-10). Amma mu yi hankali da mai sa wa fassara farashi. Yusufu bai nemi lada kafin ya yi magana ba, Daniyel kuwa ya ce wa Sarki Belshazzar ya riƙe kyautarsa.

Na huɗu, kada mu yi gaggawa wajen babban mataki. Kafin ka sayar da gona, ko ka cire yaro daga makaranta, ko ka daina shan magani, ka yi addu'a, ka nemi shawara, ka jira. Yusufu mijin Maryamu ya tashi cikin dare domin umarnin a fili yake, ran yaro ne kuma a bakin takobi. Inda abu bai fito sarai ba, hanyar lafiya a bi ta da shekara.

7. Abin da ya shafe mu yau

'Yan'uwa, game da yunwa ba ma bukatar mafarkin Fir'auna kuma, domin mun riga mun ga ramammun shanu da idanunmu. Tsofaffinmu suna tunawa da farin 1973 zuwa 1974, da na 1984 zuwa 1985. A 2005, bayan fari da fara na shekarar da ta gabace ta, yunwa ta addabi yankunan Maraɗi da Damagaram da Tawa a Nijar. Kowace shekara ma muna da namu ƙaramin zagaye: da kaka hatsi yana araha, muna sayarwa da garaje saboda biki da bashi, da tsakiyar damina kuma mu sayo shi da tsada, wani lokaci daga hannun wanda muka sayar wa.

Shawarar Yusufu tana nan daram. Kowane gida ya ware rabonsa na ajiya tun ranar sussuka, ko da tiya 1 ce cikin 5. A busar da hatsi sosai kafin a zuba a rumbu. Wake kuma a sa shi cikin buhu mai ninki 3 wanda iska ba ta shiga, ko cikin duro mai murfi, ƙwari za su mutu ba tare da an zuba guba ba. Ikkilisiya za ta iya kafa bankin hatsi: a saya ko a tara da kaka, a fitar da damina da farashi mai sauƙi, a naɗa masu amana maza da mata, a rubuta kowane mudu da ya shiga da wanda ya fita, a karanta lissafin a gaban jama'a. A ware kuma rabon gwauraye da marayu da baƙi, ba tare da tambayar addininsu ba, kamar yadda rumbunan Masar suka buɗe wa duk wanda ya zo. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa Yusufu bai tsaya a kan fassarar mafarkin Fir'auna kaɗai ba?
2. Wata a zumuntar mata ta ce ta ga maƙwabciyarta tana bin ta da wuƙa cikin mafarki. Wace shawara za mu ba ta?
3. Ta yaya za mu taimaki ɗan'uwan da mugayen mafarkai suke hana shi barci bayan rikici?
4. Wane mataki ɗaya ikkilisiyarmu za ta ɗauka kafin kaka mai zuwa domin tanadin abinci? Wa zai ɗauki nauyinsa?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, kai ne mai tsaronmu muna barci, muna farke. Ka ba mu kunnen jin muryarka, da hikimar rarrabe hatsi da ƙaiƙayi. Ka warkar da waɗanda dare ya zame musu abin tsoro. Ka sa mu zama masu amana kamar bawanka Yusufu, domin ta wurinmu maƙwabtanmu su sami abinci su kuma ga ƙaunarka. Cikin sunan Yesu Almasihu muke roƙo. Amin.