Darasi Daga Littattafan Hikaya: Rabi da Abu a Hannun Maza

A makarantar Islamiyyar da nake koyarwa a nan Sakkwato, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, na kama ɗaliba ta ɓoye littafin hikaya a cikin Iziyya. Da can ƙwacewa kawai nake yi. Wata rana na ce bari dai in karanta, in ga me ke ɗauke musu hankali haka. Abin da na tarar shi ne darasinmu na yau.

Tun da aka buga So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid a 1980, mata suka fara ba da labarin cikin gida da bakinsu. Za mu duba littattafai biyu na Balaraba Ramat Yakubu, 'yar Kano, ƙanwar marigayi Janar Murtala Muhammad, wadda ita kanta an cire ta daga makaranta aka yi mata aure tana ƙaramar yarinya. Dukansu sun fito a 1990.

Na farko: Wa Zai Auri Jahila?

Abu yarinya ce 'yar shekara 13 a ƙauye. Mahaifinta ya cire ta daga makaranta. Ɗan'uwanta Amadu, wanda aka yi musu alkawarin aure, ya ce shi ba ya auren jahila. Sai uban ya ba da ita ga Sarkin Noma, dattijo mai mata. Ki lura da kyau: namiji ne ya hana ta karatu, namiji ne ya ƙi ta don ba ta yi karatun ba, namiji ne kuma ya karɓe ta ba da son ranta ba. Ba wanda ya tambaye ta. Sai da ta gudu birni wajen 'yar'uwar iyayenta, ta koma karatu, sannan ta san darajar kanta.

Na biyu: Alhaki Kwikwiyo Ne

Rabi matar ɗan kasuwa ce, Alhaji Abdu, 'ya'yansu tara. Yana da hali, amma cefane sai ta yi da gaske. Da ya auro Delu, rikici ya tashi, ya saki Rabi ya kore ta ita da yara. Ta kama sana'ar sayar da abinci, ta riƙe 'ya'yanta, ta aurar da Saudatu gidan mutunci. Shi kuwa gobara ta cinye shagonsa, Delu ta watse. Sai dangi da suruki suka taru a kan Rabi sai ta koma.

Nan ne nake so ki tsaya ki yi tunani. Wasu ɗalibaina sun ce ai Rabi ta ci riba, tunda miji ya dawo yana roƙo. Ni kuwa na ce a'a, ku sake dubawa. Lokacin da aka kore ta ba a nemi shawararta ba, lokacin mayar da ita ma maza ne suka yanke. Ta ciyar da gida da guminta, amma maganar rayuwarta ba ta hannunta. Wannan shi ne ciwon da marubuciyar ta taɓa, kuma shi ya sa labarin ya yi nisa, har Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012.

Al'ada ce ko addini?

Kada ki ɗauka abin da waɗannan mazan suka yi shi ne shari'a. Shugabancin da Suratun Nisa'i, aya ta 34, ta ba namiji an haɗa shi da ciyarwa. Alhaji Abdu ya riƙe mulki ya yar da nauyi. Suratuɗ Ɗalaƙi, aya ta 1, ta hana a fitar da matar da aka saki daga ɗakinta kafin ta gama idda. Kuma ya zo a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya warware auren Khansa'u bintu Khizam da mahaifinta ya ɗaura ba da yardarta ba. Mu nan Sakkwato ma ba baƙi ba ne ga wannan magana. A Nurul Albab, Shehu Usmanu ya zargi malaman da ke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin jahilci. 'Yarsa Nana Asma'u (1793-1864) ta tura jajis ƙauyuka suna karantar da mata 'Yan Taru. Da Abu a zamaninta take, da ta samu malama.

Gaskiya ne ba kowane littafi ne mai amfani ba, akwai na shirme, har a 2007 aka ƙona wasu a Kano. To amma yau a waya 'ya'yanmu ke karanta su, ƙwacewa ba ta magani. Ki zauna da 'yarki ku karanta tare, ki tambaye ta: wa ya yanke wa wannan matar hukunci? An ji ta bakinta? Wane haƙƙi ne Allah ya ba ta aka danne? Ki sa ɗanki namiji ma ya saurara, don shi ne maigidan gobe.

Allah ya ba mu ikon tsare haƙƙin juna, amin.