Darasi na Goma Sha Huɗu: Abokan Zama a Cikin Hanji

Karatu

Kuje gari ne na manoma a Babban Birnin Tarayya, Abuja. Duk wanda ya shiga kasuwarsa zai tarar da dawa da masara da wake da doya, ga kuma matan Fulani da ƙwaryar nono. Wannan abinci yana ƙosar da mutum, yana kuma ciyar da wasu ƙananan halittu da ke zaune a cikin hanjinsa.

Ido ba ya ganin waɗannan halittu sai da madubin likita. Mafi yawansu bakteriya ne. A shekarar 2016 masana suka ƙiyasta cewa jikin babban mutum yana ɗauke da bakteriya kimanin tiriliyan 38, akasarinsu a babban hanji. Ba kowace bakteriya ce ke jawo cuta ba. Da yawa daga cikinsu masu amfani ne.

Aikinsu na farko shi ne sarrafa harza, wadda tumbi da ƙaramin hanji ba sa iya narkarwa. Daga cikinta suke samar da sinadaran da ke ƙarfafa bangon hanji. Na biyu, suna yin bitamin K da wasu nau'o'in bitamin B. Na uku, suna cike wuri har ƙwayoyin cuta su rasa mazauni, suna kuma horar da garkuwar jiki.

A shekarar 2010 aka wallafa wani bincike da ya kwatanta yaran ƙauyen Boulpon na Burkina Faso da yaran birnin Florence na Italiya. Yaran ƙauyen, masu cin gero da dawa da wake da ganye, sun fi na birnin yawan ire-iren bakteriya a hanji. Abincin yaran birnin kuwa ya fi yawan sukari da mai da nama, harzarsa kaɗan ce. Ashe tuwon dawa da miyar kuka ba abin rainawa ba ne.

Abincin da aka bari ya yi tsami, irin su kindirmo da nono, shi ma yana ɗauke da bakteriya masu amfani. Tun a 1907 wani masani ɗan Rasha, Elie Metchnikoff, ya ja hankalin mutane ga amfanin madara mai tsami. Sai dai wajibi ne a tafasa madara kafin a bar ta ta kwana, a kuma dama fura da ruwa mai tsabta, domin ɗanyar madara da gurɓataccen ruwa suna yaɗa cuta.

Babban abin da ke yi wa waɗannan halittu illa shi ne shan maganin antibayotik barkatai. Maganin ba ya bambanta mugu da nagari, sai ya kashe duka. Shi ya sa wasu kan kamu da gudawa bayan sun sha shi. Saboda haka kada a saye shi a kemis ba tare da umarnin likita ba. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗalibin da cikinsa ke ciwo kullum, da wuya ya natsu a aji.

Ma'anar Kalmomi

harza: ɓangaren hatsi, wake ko ganye da ciki ba ya narkarwa
ƙiyasta: faɗin adadi ba tare da ƙirga ɗaya bayan ɗaya ba
garkuwar jiki: ƙarfin da jiki ke kare kansa da shi daga cuta
barkatai: ba tsari, ba ƙa'ida

Tambayoyi

1. A wane sashe na jiki mafi yawan bakteriya suke zaune?
2. Kawo ayyuka uku da suke yi.
3. Me binciken 2010 ya nuna?
4. Don me ake tafasa madara kafin a yi kindirmo?

Aikin Gida

Ku rubuta abincin da kuka ci cikin kwana uku, ku ja layi a ƙarƙashin masu harza. Sannan ku yi jimla biyu da kalmar "barkatai".