Malam Henslow, Masanin Tsire-tsire

A darasinmu na wannan wata za mu dubi wani mutumin Ingila, sunansa John Henslow. An haife shi a shekara ta 1796. A 1825 aka naɗa shi babban malamin sanin tsire-tsire a jami'ar Kambirij. Kafin wannan kuwa an riga an keɓe shi domin aikin ikilisiya.

Koyarwarsa dabam ce. Yakan fita da almajiransa zuwa jeji, su tsinko ganye da fure, su duba da idonsu. Yakan busar da tsiro iri ɗaya, babba da ƙarami, ya manna su a takarda guda domin a ga yadda 'yan gida ɗaya suke bambanta. Wani saurayi, Charles Darwin, ya riƙa binsa har aka san shi da wannan. Henslow ne ya ba da sunansa a 1831 aka tafi da shi kewaya duniya cikin jirgin ruwa. Henslow ne kuma ya matsa aka yi wa jami'ar sabon lambu, wanda aka buɗe a 1846, yana nan har yau.

Amma inda muka fi so mu tsaya shi ne wani ƙauye da ake kira Hitcham. An ba shi aikin fasto a can a 1837, bayan shekara biyu ya tashi da iyalinsa ya koma can, sai dai yakan je jami'a lokacin koyarwa. Ya tarar da talakawa 'yan ƙodago, yawancinsu ba su iya karatu ba. Ya kafa makaranta. Ran Litinin shi da kansa yake koya wa yaran sanin tsire-tsire, da sunayensu masu wuyar faɗi, bai ce ɗan talaka ba zai iya ba. Mun san masu ilimi da yawa waɗanda da sun ga wannan ƙasƙanci ne.

Ya kuma nemo ƙasa ya yanka wa 'yan ƙodago ƙananan gonaki, kowa ya noma abincin gidansa. A nan rigima ta tashi. Manyan manoma suka ƙi, gama sun fi son ma'aikaci wanda ba shi da abin dogara sai su. Suka yi barazana ba za su ɗauki wanda ya karɓi gona aiki ba. Mu tuna, waɗannan su ne manyan ikilisiyarsa. Duk da haka bai ja da baya ba, gonakin suka tabbata, har aka riƙa yin gasar amfanin gona.

A 1843 ya gane wasu duwatsu a bakin teku suna da kyau domin taki. Ya sanar da kowa, waɗansu suka yi arziki da su, shi kuwa bai nemi ko kwabo ba. Ya rasu a Hitcham a 1861, a nan aka binne shi.