Maganin Hawan Jini da Tsatsar Zuciya



A ziyarar marasa lafiya a kewayen Gwandu da Kalgo, akwai maganar da nakan ji daga bakin iyayenmu maza da mata: wai sun ajiye maganin hawan jini domin kai ya daina ciwo, ko domin an yi musu addu'a. Darasinmu na wannan wata a kan wannan kuskure yake, gama ya kai mutane da yawa ga shanyewar ɓarin jiki, waɗansu ma ga kabari.

Abin da ke faruwa da zuciya

Likitoci suna cewa mutum yana da hawan jini idan awonsa ya riƙa kaiwa 140 bisa 90 ko fiye. A wannan hali zuciya tana tura jini ta cikin jijiyoyi matsattsu, dare da rana, ba hutu. Sai namanta ya yi kauri ya sandare, daga baya ta buɗe ta yi rauni. Alamar haka ita ce haki, da kumburin ƙafa, da kasa kwanciya sai da matasan kai biyu ko uku.

Akwai wata ɓarnar kuma da ido ba ya gani. Ku dubi fartanyar da ta kwana a raɓa: iska da laima sukan ci ƙarfenta har ta yi tsatsa. Haka jikinmu, sa'ad da yake aiki da iskar da muke shaƙa, yakan fitar da waɗansu ƙwayoyi masu cin nama. Allah ya shirya wa jiki abin kashe kaifinsu, amma cikin hawan jini sukan fi ƙarfin garkuwar. Wani sinadari na jiki mai suna anjiyotensin, wanda ke matse jijiyoyi, shi ne kuma ke hura wutar wannan tsatsa, ya bar tabo a naman zuciya.

Aikin magunguna

Lisinopril yana rage samuwar wannan sinadari, losartan kuwa yana tare masa hanya. Saboda haka bayan sauke awo, suna rage tsatsar, har kaurin zuciya ya soma ja da baya. Amlodipine yana sassauta jijiyoyi. Hydrochlorothiazide yana fitar da gishiri da ruwa ta fitsari. A shekarar 2019 aka buga wani bincike da Dokta Dike Ojji na Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka 6, wanda ya nuna cewa haɗin magani biyu mai amlodipine a ciki ya fi sauke awon baƙar fata. Don haka idan likita ya ba ka iri biyu, kada ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya.

A kiyaye waɗannan:

1. A sha magani kullum, har da kwanakin azumi. Hawan jini yakan yi ɓarna shiru.
2. Mai ciki kada ta sha lisinopril ko losartan. Ta sanar da likita ya sauya mata.
3. Idan lisinopril ya kawo busasshen tari, a koma asibiti. Idan leɓe ko harshe ya kumbura, a tafi nan take.
4. A rage gishiri da dunƙulen miya, mai jego kuma ta rage kunun kanwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya.
5. A guji yawan shan diclofenac da ibuprofen, domin suna ɗaga awo.

Abin da bangaskiya ta koya mana

Littafin Sirak, sura 38, ya umarce mu mu girmama likita, ya kuma nuna cewa Ubangiji ne ya fitar da magunguna daga ƙasa. A cikin surar ɗin nan ya ce mai ciwo ya yi addu'a. Bai raba biyun ba, mu ma kada mu raba. Rai amana ne, kuma doka ta biyar ta shafi namu ran kamar yadda ta shafi na maƙwabci.

Ina roƙon katekis da Zumuntar Mata su nemi ma'aikacin lafiya ya riƙa auna mutane bayan Misa. Wanda awonsa ya hau, a raka shi asibiti mafi kusa, ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Wanda kuɗin magani ya gagare shi, kada mu bar shi shi kaɗai.

Waliyi Luka, likita, ka yi addu'a dominmu. Amin.