Amsoshin Tambayoyinku: Famfonmu Ya Lalace, Wa Za Mu Kai Wa Kuka?

Tambaya: Ni mazaunin Ɗantutture ne, a yankin Dutsin-Ma da Kurfi. Famfon tuƙa-tuƙan unguwarmu ya daina kawo ruwa, kuma iskar farkon damina ta yaye rufin aji biyu a makarantarmu ta firamare. Kullum a majalisarmu ta bayan la'asar musu ake yi. Wani ya ce aikin kansila ne, wani ya ce a nemi ɗan majalisar tarayya tunda shi ne mai kuɗi, dattawa kuma su ce a kai wa hakimi. Ga shi mun ji a rediyo cewa kotu ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Shin gyaran nan haƙƙin wa ne, kuma in kuɗin na zuwa, ina suke tafiya?

Amsa: Allah ya yi albarka, ka gaishe mini da 'yan majalisar taku. Tambayoyi biyu ka haɗa: wa ke da alhakin gyara, da kuma inda kuɗin gyaran suke. Amsar ta farko a taƙaice ita ce, famfo da aji duka daga ƙaramar hukuma maganarsu take farawa. Amma kada ka yi saurin komawa ka ce ka kayar da kowa, domin kowane ɗaya daga cikin masu musun yana riƙe da wani yanki na gaskiya.

In ka shiga garin Dutsin-Ma, gwamnati uku za ka tarar suna zaune tare. Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011 ta Abuja ce. Haka madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983 zamanin Shagari, tana hannun hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, ita ma ta tarayya. Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ta gwamnatin jiha ce. Kasuwa da tasha da mahauta da maƙabarta kuwa na ƙaramar hukuma ne. Tsarin mulkin 1999 ya jera ayyukanta a wani jadawali da ke ƙarshensa, na huɗu: ban da waɗannan akwai kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanun ruwa, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ilimin firamare da kiwon lafiya da noma kuwa ya ce ta yi su tare da jiha. Ruwan sha na karkara, a aikace, sashen ruwa da tsafta na ƙaramar hukuma ke kula da shi, sai hukumar jiha da ake kira RUWASSA, mai haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, ta shigo idan aikin ya yi nauyi.

To, ga kansila. Dutsin-Ma tana da mazaɓu 11, Kurfi tana da 10, kowace da kansilanta. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, kansila ba ya riƙe da asusu. Ɗan majalisa ne, ƙarami. Aikinsa ya tashi a zauren kansiloli ya ce famfon wuri kaza ya mutu, ya tsaya sai an sa shi a kasafin kuɗi, wato lissafin abin da za a kashe a shekara, sannan ya bi sawu ya ga an yi. Mai sa hannu kuɗi su fita shi ne ciyaman. Saboda haka idan kansilanku ya ce ba shi da kuɗin gyara, gaskiya ya faɗa. Abin da ya kamata ku tambaye shi shi ne, yaushe ya kai maganar zaure, kuma me aka ce masa?

A nan ina da ɗan ƙorafi a kanmu mu masu zaɓe. Mun mai da kansila mutumin suna da biki da kuɗin magani. Wanda ya ba da gudunmawar rago a suna shi ne mutumin kirki, ko da bai taɓa buɗe baki a zaure ba. Wanda ya dage a kan kasafi amma hannunsa bai cika shiga aljihu ba, sai a ce ya yi girman kai. Da wannan ma'aunin, ɗan abin da yake samu a wata zai ƙare tun a ƙofar gidansa da safe, famfo kuma yana nan a bushe.

Masu cewa a nemi ɗan majalisar tarayya ba su yi nisa da hanya ba, sai dai a san abin da za a roƙa. Dutsin-Ma da Kurfi kujera ɗaya suke da ita a Majalisar Wakilai mai mutum 360, ka ga mutum ɗaya ke ɗauke da mazaɓu 21. Asalin aikinsa yin doka, amincewa da kasafin ƙasa, da sa ido a kan ma'aikatu. Akwai abin da ake kira ayyukan mazaɓu, inda a shekarun baya aka saba ware naira biliyan 100 a shekara ga sanatoci da wakilai gaba ɗaya. Ba a hannu doka ta ce a ba shi ba. Yana faɗin aikin da yake so da wurin da za a yi, wata ma'aikata ko hukuma ta ba da kwangila. Tun 2019 hukumar ICPC, mai yaƙi da rashawa, take bin diddigin irin waɗannan ayyuka. Kuma a ko'ina cikin ƙasar nan kuɗin mazaɓu sun fi son sabon abu, wanda za a kafa wa allo a yanke masa kyalle. In sabuwar rijiya mai aiki da hasken rana kuke so, ko sabon ginin azuzuwa, ku rubuta masa. Robar da ta cinye a cikin tuƙa-tuƙa ba za ta jira kasafin Abuja ba.

Dattawanku kuwa da tarihi suke magana. A zamanin En'e, wato mulkin gargajiya da Turawa suka jingina da shi, hakimi shi ne gwamnati a ƙasarsa. Ta hannunsa da na dagatai da masu unguwa ake tara haraji da jangali, a kai baitulmalin Katsina da aka tsara tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko, daga nan a biya malamai da dogarai, a haƙa rijiya. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai daina cewa a kai wa hakimi ba. Garambawul ɗin 1976 ne ya miƙa mulki da kuɗi ga zaɓaɓɓun ƙananan hukumomi. A 1979 kuma, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa na PRP ya soke haraji da jangali. Talaka ya huta, kuma ya cancanci hutun, domin an sha wulaƙanci wajen karɓar kuɗin nan. Amma daga lokacin abin da ƙaramar hukuma ke ci ya koma yana zuwa daga sama, idonta ma ya koma sama. Yau Yandakan Katsina a Dutsin-Ma da Maraɗin Katsina a Kurfi ba su da kasafin gyaran famfo. Abin da suke da shi kwarjini ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne: takardar da ta biyo ta hannun dagaci da hakimi ba a cika jefa ta ƙarƙashin tebur ba.

Yanzu sai maganar kuɗi. Kowane wata ana zama a Abuja a raba abin da ya shiga asusun tarayya. Daga babban kason, tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin 100, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba 20.60. Katsina na da 34 daga ciki. Sai dai sashe na 162 na tsarin mulki ya tanadi asusun haɗin gwiwa, inda kuɗin ƙananan hukumomin jiha ke fara sauka kafin su isa gida. Tukunya ɗaya ce ta mutum talatin da huɗu, ludayin kuma na hannun gwamnatin jiha. Daga nan ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikata, da fansho, da kason masarauta, da abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya saura shi ciyaman ke gani.

Wannan tsari ne ministan shari'a Lateef Fagbemi ya kai ƙara a kansa, ya haɗa da gwamnoni 36. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kuma gwamna ba shi da ikon naɗa kantomomin riƙo a madadin zaɓaɓɓu. Abin da kuka ji a rediyo ke nan, kuma gaskiya ne. Amma yanke hukunci daban, aiwatarwa daban. An ce kowace ta buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya, aka yi ta jan ƙafa wata da watanni, gwamnoni na cewa in aka saki kuɗin wasu ƙananan hukumomin ba za su iya biyan malamansu ba. Wannan hujja ba ƙarya ce zalla ba. Ko ta wace hanya kuɗin suka zo, albashi ne zai fara ci, kuma cinsa ba kaɗan ba ne.

Ni a ganina, ɗana, matsalar ta fi ƙarfin asusu. Ka tambayi kanka wa ya ɗora ciyaman a kujera. A 2015 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rushe zaɓaɓɓun shugabannin da ta gada daga gwamnatin Ibrahim Shema, ɗan Dutsin-Ma. Sai a Mayun 2021 Kotun Ƙoli ta ce rushewar ta saɓa doka, alhali wa'adinsu ya daɗe da wucewa. Ba a sake zaɓe ba sai a Afrilun 2022. A na 15 ga Fabrairu, 2025, jam'iyyar APC ce ta lashe kujerun ciyaman 34 da na kansila 361, ba a bar ko ɗaya ba. Kada ka ɗauka halin jam'iyya ɗaya ne. Hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya wannan zaɓe, ba INEC ba, kuma kusan kowace jiha ka duba, jam'iyyar gwamna ce ke kwashe komai, ko wace ce ita. Ma'ana, ainihin zaɓen an gama shi tun ranar da aka zauna maslaha aka fitar da ɗan takara. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski. In kuna son kansilan da zai ji kunyarku, sai mutanenku na kirki sun shiga taron jam'iyya na mazaɓa tun ana rabon muƙaman shugaba da sakatare, lokacin da yawancinmu ke ganin abin wasan yara ne.

Kafin wannan, ga abin da za ku iya yi a makon nan. Ku kira mai gyara ya buɗe kan famfon ya zaro sandunan. Sau da yawa robar da ke jawo ruwa ce ta cinye, ko sarƙar hannu ta tsinke, ko sanda ɗaya ta kwance. Irin wannan karo-karon gidaje ya ishe shi, kuma ya fi sauri. Ku kafa kwamiti na mutum uku ko biyar, da mace a ciki, domin mata da yara ne suka san ranar da famfo ya fara nauyi. A sami littafi a rubuta abin da kowa ya bayar. Idan kuwa fayif ya faɗa ciki ko ruwan ne ya ja ƙasa, ya wuce aljihunku, sai takarda zuwa ga ciyaman.

Rufin aji hanyarsa daban. Kowace firamare ya kamata tana da kwamitin al'umma mai kula da ita, wanda malamai ke kira SBMC. Shi da hedimasta za su rubuta wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, shi kuma ya tura wa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha. A can manyan kuɗin gyaran azuzuwa suke, domin dokar 2004 ta ware wa ilimin farko tallafi daga tarayya, wanda jiha ke karɓa idan ta ajiye nata kason.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. Sunan gari da mazaɓa, abin da ya lalace, tun yaushe, gida nawa ke sha a famfon, yara nawa ke zama a ajin. A maƙala hoto da kiyasin mai gyara. Mai unguwa da liman da shugaban kwamiti da shugabar mata su sa hannu. Ku yi kwafi, ku kai sakatariya ku uku ko huɗu tare da kansila, ku tsaya sai akawu ya buga hatimi ya rubuta kwanan wata a kan naku kwafin. Wannan hatimin mai shuɗin tawada shi ne shaidarku ranar da wani zai ce bai taɓa jin maganar ba. Ɗaya kwafin ya tafi wurin hakimi ta hannun dagaci, ɗaya ga ɗan majalisarku na jiha, wanda mutane ke yawan mantawa da shi alhali ya fi na Abuja kusa da SUBEB da RUWASSA.

Ku kula da lokaci kuma. Ana haɗa kasafin shekara mai zuwa ne daga kaka zuwa ƙarshen shekara, don haka takardar da ta iso bayan an rufe lissafi tana iya kwana shekara guda. Sannan Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma duk wata a intanet. Ku sa wani ɗalibinku na jami'a ya duba a wayarsa ya rubuto muku adadin. Ranar da kuka sami ganin ciyaman, in ya ce babu kuɗi, ba sai an ɗaga murya ba. Ku gaishe shi da girmamawa, ku karanta masa abin da aka ware a watan jiya, ku tambaye shi nawa ne ya iso hannunsa, nawa ya rage bayan albashi, kuma a wane wata gyaranku zai shiga.